Hukuncin da Bambang Pamungkas Ya Yanke wa Kansa: Sake Auna Rayuwar Ƙwallon Wani Ɗan Wasan Gaba na Indonesiya, 1999 zuwa 2019



A farkon watan Afrilun 2013 Bambang Pamungkas ya sanar da cewa ya daina buga wa ƙasarsa Indonesiya ƙwallo, bayan kusan shekara 14 yana sanye da jar rigarta. A rubutun da ya yi na ban-kwana ya kira kansa ɗan zamanin da ya gaza, hujjarsa kuwa ita ce shi da tsararsa ba su taɓa ɗauko wa ƙasar wani babban kofi ba. Maganar ta yi nauyi saboda bakin da ta fito, domin mutumin da ya faɗe ta ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 80, ya ci mata ƙwallo sama da 35, ya kuma daɗe yana ɗaure da ƙyallen kyaftin. Wannan maƙala ta ɗauki wancan hukunci ne ta sa shi a sikeli. Abin da nake son tabbatarwa shi ne hukuncin ya dace da sakamakon wasanni, amma bai dace da mutumin ba, kuma kuskuren da ke cikinsa kuskure ne da masu nazarin wasanni suka saba yi: a ɗauki mudun da aka sassaƙa don ƙasashen da hukumominsu ke tsaye, a auna da shi ɗan wasan da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin hukumar da ta yi ta rushewa a kansa.

Kafin a shiga gardama, ya kyautu a san wanda ake magana a kai. An haifi Bambang, wanda magoya baya ke kira Bepe, ranar 10 ga Yunin 1980 a Getas da ke yankin Semarang na Java ta Tsakiya. Wasansa na farko a babbar tawagar ƙasa ya zo a 1999, wasan sada zumunta da Lituweniya da aka tashi 2-2, kuma ya ci ƙwallo a cikinsa. A shekarar ce ya koma Persija ta birnin Jakarta, ƙungiyar da aka kafa tun 1928, ya ɗauki lamba 20. Kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 24, ya fi kowa a gasar ƙasar. A 2001 Persija ta lashe gasar bayan ta doke PSM Makassar 3-2 a wasan ƙarshe, biyu daga cikin ukun nan nasa ne, aka kuma zaɓe shi gwarzon kakar. Tsawonsa bai wuce mita 1.70 ba, duk da haka abin da aka fi saninsa da shi ƙwallon ka ne. Duk wanda ya san aikin ɗan wasan gaba ya san gajere ba ya cin ƙwallo da ka a tsakanin dogayen 'yan baya sai da abu biyu, sanin inda ƙwallo za ta sauka kafin ta iso da kuma sanin lokacin da zai bar ƙasa. Waɗannan ba a gadonsu, koyo ake yi. Na tsaya a kan wannan ne don yana nuna irin ɗan wasan da muke da shi: wanda ya gina kansa da lissafi da maimaici, ba wanda gudu ko yanka ke ɗauka ba.

Suka ta farko da ake yi masa ita ce bai yi abin a zo a gani a Turai ba. Gaskiya ne cewa a shekarar 2000 ya tafi aro wata ƙaramar ƙungiya ta Holan mai suna EHC Norad, wadda ba ta ma cikin manyan rukunonin ƙasar, kuma bayan 'yan watanni ya dawo gida. Masu wannan suka suna ganin nan aka gwada shi a kasuwar gaske, aka ga farashinsa. Sai dai hujjar tana da rauni idan aka dubi tsararsa na yankin. Kiatisuk Senamuang na Tailan, wanda babu mai musun cewa yana cikin manyan 'yan wasan gaba da kudu maso gabashin Asiya ta taɓa fitarwa, ya je Huddersfield Town ta Ingila a 1999 ya dawo ba tare da ya buga wasan gasa ko ɗaya ba. Kurniawan Dwi Yulianto, wanda aka tura Italiya tun yana matashi a shirin horarwa na Primavera, ya kai ga buga wa FC Luzern ta Suwizalan, shi ma bai daɗe ba ya komo. Idan mutum uku mafiya fice a yanki guda suka bugi bango ɗaya a zamani ɗaya, abin da ya kamata mai nazari ya bincika shi ne bangon. A wancan lokaci ƙungiyoyin Turai ba su da masu farautar 'yan wasa a yankin, dokokin izinin aiki sun yi tsauri, kuma matashin da ya tashi a gasar da babu tsayayyen tsarin abinci da horon jiki yana isa can ne da giɓin shekaru da ba a cike shi a wata huɗu. Kiatisuk dai ba a taɓa kiransa wanda ya gaza ba, don ya ɗauki kofin yankin sau uku, a 1996 da 2000 da 2002. Ke nan ko a wajen masu sukar, Turai ba ita ce ainihin ma'auni ba. Kofi ne.

Akwai kuma gwaji na waje da Bambang ya ci, wanda ba a cika ba shi nauyinsa ba. A 2005 shi da ɗan ƙasarsu Elie Aiboy suka koma Selangor ta Malesiya. A kakar farko ƙungiyar ta kwashe kofi uku: gasar Premier, kofin FA, da kofin Malesiya. Bambang ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, kuma a wasan ƙarshe na kofin Malesiya da Perlis, wanda aka tashi 3-0, shi ya ci duka ukun. Adalci ya sa a faɗi cewa gasar Premier a lokacin ita ce mataki na biyu a Malesiya, amma kofunan biyu na kowa da kowa ne, har da ƙungiyoyin matakin farko. Abin lura a nan ba yawan ƙwallayen ba ne kawai. Mutumin da ake cewa ba ya iya kai tawaga ga kofi, da aka sa shi cikin ƙungiyar da ta san abin da take so da shi, aka haɗa shi da ɗan gefe mai aiko masa ƙwallo yadda yake buƙata, sai ga shi ya ci wasan ƙarshe shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba, ƙasar ma da ke da tsohuwar gaba ta ƙwallo da tasa. Wasan ƙarshe na 2001 da na 2005 sun isa su rufe bakin mai cewa jikinsa na mutuwa a babbar rana.

To me ya hana hakan faruwa a rigar ƙasa? A nan ne gardamar take, kuma a nan zan fi daɗewa. A gasar Tiger ta 2002, wadda daga baya ta koma gasar AFF ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, Bambang ya ci ƙwallo 8, ya fi kowa. Indonesiya ta kai wasan ƙarshe a gida, a filin Gelora Bung Karno, Tailan ta fara jefa mata biyu, ta farke duka biyun, sannan ta faɗi 4-2 a bugun fenareti. Masu suka suna da amsa a shirye: a rarraba takwas ɗin nan a gani. Huɗu an ci su ne a ragar Filifin a wasan da aka tashi 13-1, uku a ragar Kambodiya, saura ɗaya tak. Wato a garin makafi mai ido ɗaya ne sarki. Wannan suka tana da ƙarfi, ban kuma ga dalilin ɓoye ta ba. Amma a duba ɗayar da ta rage: ita ce ƙwallon da ta fitar da Malesiya 1-0 a wasan kusa da na ƙarshe. A duba kuma wasan Kambodiya, wanda aka tashi 4-2, inda in aka cire ukunsa sakamakon zai juye. Daga nan a tsallaka zuwa 10 ga Yulin 2007, gasar cin kofin Asiya da Indonesiya ta karɓi baƙuncinta tare da Malesiya da Tailan da Biyetnam. Baharain, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar 2004, ta zo Jakarta aka doke ta 2-1, kuma ƙwallon nasarar ta Bambang ce. Bayan nan Saudiyya ta sha da ƙyar 2-1 da ƙwallon da ta ci dab da tashi, Koriya ta Kudu ta ci 1-0. Tawagar da ta yi wannan tsayuwa a gaban ƙasashen da suka saba zuwa gasar cin kofin duniya ba tawagar ragwaye ba ce. Kowane ɗan wasan gaba a duniya yana tara yawancin ƙwallayensa ne a ragar masu rauni, don haka ake kiransu masu rauni. Abin tambaya shi ne ko yana da nasa a ranar da ake buƙata, kuma na Bambang suna nan a rubuce.

Gasar 2010 ta fi kowacce nuna yadda lamarin yake. Koci Alfred Riedl ya ajiye Bambang a benci, ya fifita Cristian Gonzales, haifaffen Uruguwai da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, da matashi Irfan Bachdim. Kyaftin mai shekara 30 ya zauna yana kallo ba tare da ya tayar da ƙura ba, da aka sako shi a wasan Tailan kuma ya buga fenareti biyu duka suka shiga, aka ci 2-1, Tailan ta fice daga gasar. Indonesiya ta lallasa Malesiya 5-1 a wasan rukuni, ta kai wasan ƙarshe kowa na ganin kofi ya zo gida. Tsakanin wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshen aka yi ta yawo da 'yan wasan zuwa liyafa da taruka, har gidan wani babban ɗan siyasa, a kwanakin da ya kamata a ce suna hutu da atisaye. Malesiyar nan dai ta ci su 3-0 a filin Bukit Jalil, nasarar 2-1 da aka samu a Jakarta ba ta isa ba. Ba na cewa liyafa ce ta ci ƙwallo uku, 'yan baya sun yi kurakuran da kowa ya gani. Abin da nake cewa shi ne shawarar wanda zai fara wasa, da inda tawaga za ta kwana, da wanda za ta je gaisarwa, duk ba a hannun ɗan wasan gaba suke ba, balle wanda ke benci.

Kwatanci mafi amfani shi ne Singafo. Ƙasa ce da mutanenta ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba a lokacin da ƙidayar 2010 ta nuna Indonesiya na da fiye da miliyan 237. Duk da haka Singafo ta ɗauki kofin yankin a 1998 da 2004 da 2007 da 2012. Uku na ƙarshen koci ɗaya ne ya ɗauko su, Radojko Avramovic ɗan Sabiya, wanda ya riƙe tawagar daga 2003 zuwa 2012. A shekarun da Bambang ya yi a tawagar ƙasarsa kuwa, masu horarwar da suka riƙe ta ba su gaza takwas ba: Nandar Iskandar, Benny Dollo, Ivan Kolev, Peter Withe, Riedl, Wim Rijsbergen, Aji Santoso, Nil Maizar, wasunsu ma an sallame su an sake dawo da su. Kowane ya zo da tsarinsa da mutanensa. Riedl da ya kai su wasan ƙarshe a 2010 an kore shi a 2011, ba don sakamako ba, sai don shugabancin hukumar ya canza hannu. Wani zai ce ai Singafo ta yi amfani da baƙi da ta ba takardar zama 'yan ƙasa, ciki har da haifaffun Najeriya irin su Agu Casmir da Itimi Dickson da Precious Emuejeraye. Haka ne, amma Indonesiya ma ta bi wannan hanya daga 2010, da Gonzales, daga baya da Greg Nwokolo da Victor Igbonefo, su ma haifaffun Najeriya, kofin bai zo ba. Kuma bayan tafiyar Bambang ƙasar ta sake kai wasan ƙarshe a gasar 2016 da ta 2020, duka ta faɗi. Sau shida ke nan tana zuwa bakin rijiya tana dawowa da ƙishi, da shi da kuma babu shi. Idan an cire mutum daga lissafi sakamakon bai canza ba, to ba shi ne sanadi ba.

Sanadin yana wurin da aka fi ƙin dubawa. Hukumar ƙwallon ƙafar Indonesiya, PSSI, tsohuwa ce, an kafa ta a 1930, tun kafin ƙasar ta samu 'yanci. Gasar da Bambang ya taso a cikinta an ƙirƙire ta ne a 1994 ta hanyar haɗa tsohuwar gasar ƙungiyoyin birane, Perserikatan, da ta 'yan kasuwa, Galatama. Yawancin ƙungiyoyin sun rayu ne da kuɗin kasafin gwamnatocin birane da larduna, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda gwamnatocin jihohi ke riƙe da ƙungiyoyi irin su Kano Pillars. Ƙungiyar da ke cin abinci daga hannun gwamna ko magajin gari ba ta koyon neman na kanta, ba ta gina makarantar yara don babu wanda zai yi zaɓe da yaron da zai nuna bayan shekara goma, kuma ranar da aka rufe famfon sai ta bushe. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta hana amfani da wannan kuɗi ga ƙungiyoyin ƙwararru daga 2012, kuma ba a jima ba bashin albashi ya zama ruwan dare. A saman wannan ga rikicin shugabanci. Nurdin Halid ya shugabanci PSSI daga 2003 zuwa 2011, wani ɓangare na wa'adin ya yi shi ne yana gidan yari bisa laifin cin hanci, bai kuma sauka ba. A farkon 2011 aka ɓalle aka kafa wata gasa ta daban. Da aka zaɓi Djohar Arifin Husin a tsakiyar shekarar sai rikicin ya juya fuska: hukumar ta amince da sabuwar gasar IPL, manyan ƙungiyoyi suka tsaya a tsohuwar gasar ISL, aka kafa wani kwamiti mai suna KPSI a ƙarƙashin La Nyalla Mattalitti da ke ikirarin shi ne halastacce. Ƙasa ɗaya ta wayi gari da gasa biyu, hukuma biyu, tawagar ƙasa biyu, har Persija ma ta zama biyu. A ranar 29 ga Fabrairun 2012, tawagar da aka hana wa 'yan wasan ISL shiga ta je Baharain aka ci ta 10-0, ƙasar da Bambang ya ci a Jakarta kusan shekara biyar kafin nan. Ban san wata shaida da ta fi waɗannan sakamako biyu bayyana bambancin abin da ɗan wasa ke iyawa da abin da hukuma ke iya lalatawa ba.

A cikin wannan yamutsi ne ya yi abu biyu da nake ganin dole su shiga lissafin rayuwar wasansa. Na farko, gab da gasar AFF ta 2012, PSSI ta kira 'yan wasan ISL, ƙungiyoyinsu da KPSI suka hana su zuwa. Gaba kura, baya sayaki: wanda ya je ya saɓa wa mai biyansa, wanda ya ƙi ya juya wa rigar ƙasa baya. Yawancin manyan 'yan wasa suka zauna. Bambang ya je, ya shiga tawagar da kowa ya san ba ta da ƙarfin ɗaukar kofi. Suka yi 2-2 da Lawos, suka ci Singafo 1-0, Malesiya ta ci su 2-0, suka fice tun a rukuni. Wanda ke kula da tarihin nasararsa kawai ba zai sa ƙafa a wannan jirgi ba, domin gasar ta ƙara masa rashin nasara ɗaya a takarda, ita ce kuma ta ƙarshe da ya buga. Na biyu, a matsayinsa na mataimakin shugaban ƙungiyar 'yan wasa ƙwararru ta ƙasar, APPI, ya ƙi sa hannu a sabon kwantiragi da Persija sai an biya 'yan wasa albashin da suke bi. Ba ƙaramar magana ba ce a lokacin. A watan Disambar 2012 wani ɗan wasa ɗan Faragwai, Diego Mendieta, ya rasu a asibiti a birnin Solo yana bin ƙungiyarsa albashin watanni, ba shi da kuɗin komawa gida. Tsayuwar Bambang ta ci masa kakar 2013 ɗungurungum, yana ɗan shekara 33, shekarun da ɗan wasan gaba ke ƙirga sauran kakunansa da yatsun hannu ɗaya. Da ya dawo fili ma ba Persija ya koma ba, Pelita Bandung Raya ya tafi, a birnin Bandung, gidan manyan abokan gabar Persija, ya taimaka wa wannan ƙaramar ƙungiya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2014.

Ina sane da abin da za a ce: wannan halin kirki ne, ba ƙwallo ba, kuma maƙala a kan rayuwar wasa bai kamata ta koma yabon hali ba. Amsata ita ce raba su ba ya yiwuwa a nan, domin waɗannan shawarwari sun taɓa alƙaluman da ake auna shi da su kai tsaye. Kakar 2013 da bai buga ba ƙwallaye ne da ba a rubuta ba. Da ya koma Persija a 2015 kuma, gwamnati ta dakatar da PSSI, gasar ta tsaya bayan 'yan wasanni, FIFA ta dakatar da ƙasar daga ƙarshen Mayun 2015 zuwa Mayun 2016, aka cire ta daga wasannin neman shiga kofin duniya na 2018 da kofin Asiya na 2019. Wata kakar ke nan ta tafi. Mai nazarin da ya ɗauki jimillar ƙwallayen mutum ya kwatanta da na ɗan wasan Japan ko Koriya ba tare da ya cire waɗannan shekaru ba, ya yi lissafi ne da rabin takarda. Kuma idan ana ba ɗan wasa lada don ya ɗaga kofi, wanda aikin mutum goma sha ɗaya ne da koci da hukuma, ban ga hujjar hana shi ladan abin da ya yi shi kaɗai da sa hannunsa ba.

Akwai suka guda da zan karɓa ba tare da jayayya ba. Bambang ba shi ne mafi baiwa a zamaninsa ba. Boaz Solossa na Persipura Jayapura, ɗan yankin Papuwa, ya fi shi gudu da yanka da ƙafar hagu mai haɗari, ya ɗauki gasar ƙasar sau huɗu, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo sau uku. Da za a tambayi masu kallo wa suka fi jin daɗin gani da ƙwallo a ƙafa, da yawa za su ce Boaz. Bambang yana buƙatar a kawo masa, idan 'yan gefe suka mutu shi ma yakan ɓace a wasa, kuma akwai shekarun da magoya bayan ƙasar suka yi ta kiran a ajiye shi. Sai dai labarin Boaz ma yana ƙarfafa hujjata ne maimakon ya rushe ta. Ya karye a ƙafa a wasan sada zumunta da Hong Kong a 2007, bai buga kofin Asiya na gida ba, rikicin 2012 ya hana shi gasar wannan shekara, da ya jagoranci tawagar zuwa wasan ƙarshe a 2016 kuma Tailan ta doke su. Mai baiwa da mai naci duka sun tashi hannu wofi a rigar ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko na wane ne.

Shekarunsa na ƙarshe ba su buƙatar dogon bayani. A 2018 Persija ta ɗauki kofin shugaban ƙasa, sannan ta lashe gasar Liga 1 a ƙarƙashin koci Stefano Cugurra, karo na farko cikin shekara 17. Marko Simic ɗan Kuroshiya ne ke cin ƙwallayen, Bambang mai shekara 38 yana shigowa daga benci. Shi ne mahaɗin nasarar 2001 da ta 2018, ya ga farkon jiran ya ga ƙarshensa a riga ɗaya da lamba ɗaya. Ya ajiye takalmi a watan Disambar 2019.

Me ya sa to ya kira kansa wanda ya gaza? A ganina maganar kyaftin ce, wanda ya zaɓi ya ɗauki laifin a kansa maimakon ya nuna wasu da yatsa a lokacin da PSSI da KPSI suka fara sulhu a taron Maris na 2013. Wannan ya dace da shi a matsayinsa. Bai dace da mu ba, domin aikin mai nazari shi ne ya raba nauyi ya ba kowa nasa, kuma idan muka karɓi hukuncin yadda ya faɗe shi, mun wanke waɗanda suka raba hukuma biyu, suka riƙe albashi, suka canza koci duk bayan shekara ɗaya ko biyu, mun bar kayan a kan wanda ya fi kowa ƙarancin laifi. Ina kira ga masu rubuta tarihin 'yan wasa, musamman na ƙasashen da hukumominsu ke fama da irin wannan ciwo, da su riƙa ajiye shafi na biyu kusa da shafin ƙwallaye da kofuna, wanda zai nuna kaka nawa aka buga cikakkiya, koci nawa aka yi, wata nawa aka biya. Idan aka cike wannan shafi ga Bambang Pamungkas, hukuncin gazawa yana tabbata a kan PSSI ta shekarun 2003 zuwa 2016, ba a kan mai lamba 20 ba.